Safar Malam Bang

Idan mutum ya tsaya a gabanka don ya kasa juyawa, za a ce ya karɓe ka? Har yau ban sami amsa ba.

Sau biyu ina zuwa neman auren Hye-ran. Sau biyu kuma, kafin goshina ya kai ƙasa don babbar gaisuwa, mahaifinta Malam Bang yana juya mini baya. Wanda ya juya maka baya kuwa bai amsa gaisuwarka ba, balle ya ba ka 'yarsa. Shi tsohon shugaban makaranta ne a garinmu Andong, ni kafinta ne da bai gama sakandare ba.

Amma da aka ɗaye tsohuwar ledar falonsu, ni Hye-ran ta kira. Daɓen katakon da kakanta ya shimfiɗa ne a ƙarƙashi, gam ɗin shekara talatin ya rufe shi baƙi ƙirin. Kwana tara ina durƙushe, in jiƙa da ruwan zafi, in kankare a hankali kada in ji wa katakon ciwo.

"Gil-yong, masoyina," ta ce tana matse tsumma, "yadda kake lallaɓa katakon nan, na fara kishi."

"Shi ai ba shi da uba mai juya baya."

Ta jefe ni da tsumman.

Rana ta goma Malam ya shigo sanye da safa, ya taka daidai inda gam ya yi laushi. Ya gan ni a durƙushe, ya yunƙura zai juya... ƙafa ta ƙi, gam ya riƙe safar.

"Yanzu!" Hye-ran ta raɗa mini. "Yi gaisuwar, ba inda za shi."

Har tafin hannuna ya taɓa ƙasa. Sai na fasa, na rarrafa na danne bakin safar.

"Malam, a zare ƙafa, a bar mini safar."

Ya zare, ya tsaya yana hararata. "Kai wawa ne? Ka samu dama ka sake ta."

"Ba na son matar da gam ya ba ni."

"Baba, ka ga abin da nake fama da shi ko?" in ji Hye-ran.

Malam ya taka zuwa inda na gama kankarewa, yana shafa katakon da tafin ƙafa.

"A nan na koyi tafiya..." ya ce a hankali.

Sai ya zauna, ya tanƙwashe ƙafa, ya fuskance ni sosai.

"Kwana tara kana durƙusa wa katako. Zo ka yi wa mutum gaisuwa guda ɗaya, kafin gwiwata ta gaji."