Thalia da Kawun Pippa

Ranar da aka dawo daga hutun sanyi na watan Yuli, Thalia Petrakis na tsaye a ƙofar firamaren da take koyarwa a Ballarat ta ƙasar Ostireliya, tana raba wa iyaye kayan gwajin korona. Makaranta ta ce a gwada kowane yaro kafin ya shiga aji: mai layi ɗaya ya zo, mai layi biyu ya zauna gida.

Sai ga wani dogon saurayi cikin kayan kanikanci, riƙe da hannun yarinya tana kuka.

"Malama, ki cece ni. Tun safe nake bin ta da tsinken nan, ta shige ƙarƙashin gado."

Thalia ta durƙusa. "Ya sunanki?"

"Pippa."

"Ni ma tsoron abin nake ji, Pippa. Ki yi min, in yi miki."

Yarinyar ta zura mata tsinke a hanci, Thalia ta yi ta atishawa har Pippa ta manta da kuka. Da Thalia ta ɗago, ta tarar saurayin ita yake kallo.

"Callum Rourke," ya ce. "Kawunta ne ni. Yayata ta rasu bara, mu biyu muka rage."

Daga nan Callum ya zama uban 'yan tambaya a bakin ƙofa. Rannan ya rubuto mata:

"Malamata, Pippa ta ce ba ta yarda da hannuna ba, naki ya fi taushi. Ban musa mata ba."

Ta yi murmushi ta amsa: "Bakanikena, ka daina fakewa da yarinya. In shayi kake so mu sha, ka faɗa."

Amma mahaifinta Stavros, Bagirke mai shagon soyayyen kifi da dankali, ya ƙi jin zancen. Shi Kosta yake so, likitan haƙori, ɗan amininsa.

"Ki bar likita ki bi mai baƙin mai a farce? Ga 'ya kuma? Wa ya san ko tasa ce?"

"Baba, marainiya ce."

"Haka ya gaya miki."

Wata Asabar tana taya shi aiki, ta bar wayarta a kan teburin shagon. Saƙon Callum ya shigo da hoton farin abin gwaji, a ƙasa an rubuta: "Layi biyu, zumata. Ban san yadda zan yi da yarinyar ba."

Stavros ya karanta. Irin wannan abu mai layi biyu, na gwajin juna biyu kawai ya sani. Ya cire rigar aiki ya figi mota.

Ya buga ƙofar gidan Callum kamar zai ɓalla ta. Ba a buɗe ba, sai taga aka ɗaga. Callum ya leƙo da takunkumi a fuska, idanunsa jajir.

"Baba, kar ka matso. Na kamu."

"Me ka kamu?"

"Korona. Pippa ce ta fara, yau ni ma ta nuna."

Stavros ya tsaya turus. Ta bayan saurayin ya hango yarinyar a naɗe cikin bargo, an yi mata kitso karkatacce, gefenta hoton wata mata mai kama da su duka biyun. Callum na rawar sanyi, amma kwanon miyarta ne a hannunsa.

"Kawu, wane ne?"

"Baban Malamarki ne."

"Mai kifin?" Ta ɗaga masa hannu.

Dattijon ya gyara murya. "Kai ka ci wani abu?"

"Sai ta ci tukuna."

Har suka warke, kullum da yamma sai an ajiye ƙunshin kifi mai zafi a bakin ƙofar. Da Thalia ta gano abin da ya kai shi can tun farko, ta yi dariya har da hawaye.

"Baba, haka ka ɗauke ni?"

"Yi min shiru. Ki ce wa yaron nan ya zo mu yi magana. Kosta kuma ni zan ba ubansa haƙuri."

Da yammar nan ta rubuta wa Callum: "Bakanikena, ka goge farcenka. Baba na nemanka."

Ya amso: "Ina zuwa, zumata. Pippa ta riga ni sa takalmi."

A watan Nuwamba, da gari ya yi ɗumi, aka ɗaura aure a cocin Girkawa. Pippa ta riƙe fure a gaba, tana taku a hankali kamar yadda aka koya mata. A wurin walima Stavros ya miƙe, ya haɗa hannun amarya da na ango, sannan ya jawo na yarinyar ya ɗora a kai.

"'Ya ɗaya na bayar, na samu ɗa da jika," ya ce. "Allah ya zaunar da ku lafiya, ya sa ku tsufa tare."

Jama'a suka amsa da amin. Pippa ta ɗago ta dube shi.

"Kaka, yaushe za a yanka kek?"