Santimita Tamanin da Uku

"Goge shi!"

Auta ce ke magana, almakashi a hannu, tef ɗin awo rataye a wuya, tana nuna jan fentin da aka rubuta a bangon shagonta. Lamba ce ƙwaya biyu: 83.

"Ba zan iya ba, Auta."

"Ba za ka iya ba? Kai ka rubuta fa! Da wannan hannun naka!"

"Aikina ne, sahibata..."

"Kada ka sake ce min sahiba a gaban wannan bangon!"

Mai Awo ya sunkuyar da kai yana naɗe doguwar igiyar awonsa a hankali, kamar ba da shi ake ba. Wannan sanyin nasa ne ya sace zuciyarta shekara biyu da suka wuce, yau kuwa ji take kamar ta kwaɗa masa kujera. Ma'aikacin awon filaye ne, kuma saura wata biyu a ɗaura musu aure.

Abin da ya jawo rigimar wani ƙudirin doka ne da ke gaban majalisar jiha. An ce za a gyara harajin gidaje da filaye, a sassauta wa masu ƙaramin gida, a matsa wa masu tara filaye suna barinsu ciyawa na ci. Har nan kowa ya yi murna. Amma a can shafi na arba'in akwai wani sashe da ya ce duk ginin da ya shigo layin titi, ko da tsawon ɗan yatsa ne, mai shi zai rushe shi cikin shekara guda. Kafin a kaɗa ƙuri'a aka tura masu awo unguwa-unguwa. Sai ga shi, duk cikin ma'aikatan jihar nan, an rasa wanda za a turo layinsu sai nata.

"To rubuta sifili mana," ta ce, ta sassauto da murya. "Wa zai sani?"

"Ni zan sani."

"Rubuta goma to! Ashirin!"

"Tamanin da uku ne, Auta. Sau uku na auna."

Sau uku! Ta dafe goshi. Mutumin da ko sukari zai zuba a shayi sai ya shafe kan cokali da yatsa, shi take roƙo ya rage lamba.

Shagon nan ba ɗaki ba ne kawai. Mahaifinta, Allah ya jiƙansa, tela ne, shi ya gina shi da hannunsa a gaban gidan, ya yi masa dakali a bakin ƙofa don masu jiran ɗinki. Kuma da ya zo fitar da tushe, aikin teloli ya yi. Tela ba ya yanka yadi cif-cif, sai ya bar rara a cikin ɗinki, don in mai kaya ya yi ƙiba a buɗa masa. Haka tsohon ya auna filinsa, ya ƙara kamu biyu ta gaba, ya ce in ya yi yawa a rage daga baya. Ya manta bulo ba ya warwaruwa. Yanzu keke huɗu ke aiki a ciki, daga nan ake cefane, daga nan ake sayen maganin hawan jinin Mama.

A kan dakalin nan kuma Mai Awo ya yi shekara biyu yana zama duk yamma, don har yau Mama ba ta taɓa ce masa ya shigo ciki ba.

Kafin a ce me, Mama ta leƙo, ta ga jan fenti, ta ga gwangwanin fentin a gefen ƙafar surukin da take shirin yi.

"Kai ne?"

"Ni ne, Mama. Ina wuni?"

"Riƙe gaisuwarka! Mun ba ka 'ya, ka zo ka ɗauke mana ɗaki?"

"Mama, dokar ba ta wuce ba tukuna..."

"Ita ma maganar auren ba ta wuce ba tukuna. Tashi ka ba mu wuri!"

Ya ɗauki gwangwaninsa, ya dubi Auta. Ita kuma ta juya masa baya, don kada ya ga idonta ya ciko.

Washegari da safe sai ga Dillali.

Shi wannan ya daɗe yana zagayen Auta. Riga bakwai ya kawo mata ɗinki a shekarar nan, alhali duk girmansu ɗaya da waɗanda ke jikinsa. Ya zauna a gaban Mama da Yaya, babban wan Auta, yana kaɗa makullin mota, turarensa ya cika falon har ido na yaji.

"Mama, ni tausayinku nake ji. Gida mai jan fenti, nan da wata uku ko kyauta ba mai karɓa. Ku sayar min yanzu, in rufa muku asiri."

"Ka ji mai hankali," in ji Yaya.

"Kuma wallahi ban so in faɗa ba..." Ya rage murya. "An ce yaron nan duk gidan da ya shafa wa fenti, ana ƙara masa girma a ofis. Da gidan surukansa ya fara, don a ga shi ba sani ba sabo."

Mama ta tafa hannu ta yi salati.

"Ita kuma Auta," ya ƙara da murmushi, "in Allah ya yi, ai ba sai ta sake taka keke ba."

"Wa ya ce maka na gaji da taka keke?" Auta ta faɗa daga bakin ƙofa.

"Ke, rufe mana baki!" Yaya ya daka mata tsawa. "Naki gwanin me ya tsinana mana ban da fenti?"

Ta juya ta koma shago.

Mako uku Mai Awo bai zo ba. Saƙo ɗaya ya turo: "Ki yi min haƙuri, ina kan aiki." Ta karanta, ta goge, ta yi tsaki, sannan ta zauna tana jin haushin ta goge.

Da ɓacewa ya yi gaba ɗaya, da sauƙi. Ina! Asabar da Lahadi, ranakun da ko ofishinsu ba ya buɗewa, sai a gan shi cikin tsakar rana yana jan igiya a ƙofar gidajen mutane, yana rubutu a wani littafi mai baƙin bango. Layinsu, layin baya, har layin makaranta. Masu kawo ɗinki suka samu abin faɗa.

"Auta, angonki ya auna mu jiya. A gaishe shi da ƙoƙari!"

"Ki ce masa ya zo ya auna kabarin kakana ma, ko ya shigo titi."

Wata ma karɓe yadinta ta yi, ta ce ba za ta ba matar mai rushe gidaje ɗinki ba.

Ran nan Auta ta tare shi a bakin famfo, ya yi baƙi, ya rame, takalminsa duk ƙura.

"Wai kai me kake nema da ni? Gidanmu bai ishe ka ba, sai ka haɗa ni faɗa da unguwa?"

"Saura gida sittin."

"Saura gida sittin me?"

"In na gama zan gaya miki. Ba na faɗin abin da ban gama aunawa ba."

"To auna wannan!" Ta zare zoben da ya ba ta, ta danƙa masa a tafin hannu. "In ka gama ka gaya min nauyinsa."

Ta tafi tana tafiya da ƙarfi. Sai da ta sha kwana ta jingina da bango ta yi kukanta, don har ga Allah tana son mutumin nan, son da ita kanta yake ba ta haushi.

Ranar da kwamitin majalisa ya kira jama'a jin ra'ayi, saura kwana biyu Yaya ya sa hannu a takardar Dillali. Auta ta rufe shago ta tafi. Zauren ya cika maƙil, fanka ɗaya ce ke juyawa, ita ma da ƙyar. An ba kowa minti uku. Shugabar kwamitin, wata dattijuwa mai tabarau, tana danna ƙararrawa ba sani ba sabo.

Da aka zo kan Auta, duk abin da ta haddace ya gudu.

"Ni... ni tela ce," ta ce. "Babana ya gina shago, ya bar rara kamar yadda muke yi a ɗinki. Kuskure ne, na yarda. Amma ranki ya daɗe, in kin ɗinka riga cif-cif ba rara, ranar farko za ta yage. Wannan doka taku ba ku bar mata rara ba."

Wasu suka yi dariya, wasu suka tafa, ƙararrawa ta yi ƙara. Ta zauna tana jin ta yi shirme.

Sai ta ji an kira lamba ta gaba, ta ga Mai Awo ya miƙe da baƙin littafinsa. Shi ke nan, ya zo ya ƙarasa su a bainar jama'a!

"Ranki ya daɗe, ofis ya ce in auna gida ashirin a matsayin misali. Na ga ashirin ba za su faɗi gaskiya ba, sai na auna unguwar duka a ranakun hutuna. Gida ɗari uku da arba'in."

Ya juya shafi.

"Ɗari uku da sha ɗaya sun shigo layi. Har da asibitin unguwa. Har da katangar ofishinmu, santimita talatin da takwas."

Dariya ta ɓarke. Shugabar ta sauke tabarau.

"Amma yawancinsu ba su kai rabin mita ba, kuma ba su tare wa mota hanya. Ina goyon bayan gyaran harajin. Abin da nake roƙo, a bar wa tsofaffin gine-gine rara, kamar yadda telar nan ta faɗa." Ya buɗe shafin ƙarshe. "Sannan gida sha tara aka saya da arha a makonnin nan saboda tsoron wannan sashe. Mutum ɗaya ya saye su. Masu gidajen sun sa min hannu a nan."

Dillali, wanda ke zaune a layin gaba, ya tuna yana da uzuri a waje.

"Saurayi," in ji shugabar, "shugabanka ya san ka kawo wannan littafin?"

"Ya sani. Ya ce in na kawo, kada in koma."

Auta ta toshe baki da gefen mayafinta.

Bayan kwana goma labari ya fito a rediyo: kwamiti ya gyara sashen, an yafe wa tsofaffin gine-gine rabin mita. Unguwa ta ɗauki murna, takardar Dillali kuma tun ranar zauren ba wanda ya sake maganarta. Auta kuwa ta tsaya gaban bangonta tana kallon lambar nan. Rabin mita hamsin ne. Nata tamanin da uku.

"Duk wahalar nan," ta ce da ƙarfi, "kowa ya tsira sai ni!"

"Ba haka ba ne."

Ta juya. Mai Awo ne tsaye da babbar guduma a kafaɗa.

"Au! Rushewar ma da kanka za ka yi?"

"Daga bakin dakali na auna, Auta, haka ƙa'ida ta ce. Faɗin dakalin arba'in ne. In an cire shi, saura arba'in da uku. Shagon ya tsira."

Ta dubi dakalin, ta dube shi.

"Tun ranar farko ka san faɗin dakalin nan?"

"Shekara biyu ina zaune a kai."

"Amma ka bar ni ina kuka mako biyar?"

"Ban san nawa za su yafe ba. Ba na faɗin abin da..."

"Wallahi in ka ƙarasa maganar nan, da gudumar zan bi ka!"

Ya sa hannu a aljihu ya fito da zoben.

"Giram uku da ɗigo biyu," ya ce a hankali. "Kin ce in gaya miki."

Ta so ta ci gaba da fushi, Allah ya sani ta so. Dariya ce ta ƙwace mata tare da hawaye, ta miƙa masa yatsa tana harararsa.

"Kai dai ba ka da magani, masoyina."

Kafin la'asar ya gama. Dakalin da Baba ya gina, inda aka fara cewa ana sonta, ya koma tarin ɓaraguzai. Ta tsinci ɗan guntu ɗaya ta saka a aljihun keken ɗinkinta, zuciyarta na suya. Shi kuma ya tsaya a rana, gumi na zuba, yana waige-waigen inda zai zauna. Babu.

Mama, wadda tun ɗazu take kallo ta taga, ta buɗe ƙofa. Ta dubi ɓaraguzan, ta dubi hannunsa da guduma ta sa ya yi kanta, ta ja dogon tsaki.

"Ga shi ba aiki, ga shi ba baki, ga taurin kai. Ban san me ta gani ba."

"Mama, ki yi haƙuri..."

"Ka fasa wurin zamanka da hannunka, yanzu a titi za ka tsaya mana?" Ta matsa gefe ta bar masa hanya. "Karkaɗe ƙafarka ka shigo daga ciki."