Hannun Baffa a Miƙe

"Auta! Ke Auta! Wai shayin nan shuka shi kika yi kike jiran ya tsiro?"

"Ga ni nan, Umma!"

Auta ta fito daga kicin riƙe da tire. Tunda babbar jam'iyyar adawa ta sa ranar fid da ɗan takararta na shugaban ƙasa, gidansu ya koma tasha. Abbanta deliget ne, wato yana cikin waɗanda za su jefa ƙuri'a ranar babban taro, kuma kowa ya san inda ya karkata nan sauran wakilan yankin za su bi. Mutumin da a da sai ya yi wa mai gyaran famfo aike uku kafin ya leƙo, yau ga manyan motoci suna rige-rigen ƙofarsa.

Ta fara kai wa Baffa nasa kofin. Baffa yayan Abba ne, kuma kujerarsa tana nan a baranda, daf da ƙofar falo, da 'yar rediyonsa a cinya. Shekara talatin ke nan da gwangwanin barkonon tsohuwa ya same shi a fuska wajen wani gangamin jam'iyyar, tun daga ranar bai sake ganin haske ba. Jam'iyya ta manta da shi, amma shi ko taken jam'iyya aka sa a rediyo sai ya gyara zama.

Abba ya ja kujera kusa da shi. "Yaya, uku ne fa a gabanmu, kuma kowanne da ciwonsa. Tsohon Gwamna ya san aiki, sai dai ya san hanyar baitulmali fiye da ta gidansu. Farfesa hannunsa tsaf, amma in ya fara jawabi har kaji gyangyaɗi suke yi. Mai Kamfani kuwa matasa sun bi shi ɗuu, ni dai har yanzu ban ga cikinsa ba."

Umma ta leƙo ta taga. "Ni ku zaɓo wanda zai kawo wuta. Firij ɗina ya koma ma'ajiyar tukwane!"

Baffa ya yi dariya har shayi ya kusa sarƙe shi. Auta ce kaɗai ba ta yi ba, don da an ambaci Mai Kamfani sai gabanta ya faɗi. Lauya, wanda take so kamar ranta, shi ne na hannun daman mutumin yanzu, shi ke tsara masa wa zai gani da wa zai gaisa da shi.

A barandar nan suka haɗu. Lauya yana ɗalibi, ba shi da ko na mota, kullum da safe sai ya biyo ya karanta wa Baffa jarida tun daga shafin farko har tallan baya. Baffa ya sa masa suna Idona. Auta ke kawo musu shayi, tun tana ajiyewa ta gudu har ta fara tsayawa jin labaran da ba ruwanta da su. Shekara huɗu ana haka, ya ba ta zobe, kowa ya san maganar. Abu ɗaya ya rage, a tsayar da rana, kuma nan ne Abba ya cije.

"Abba," ta ce a hankali, "ya ce in tambaya, yaushe zai turo iyayensa?"

"Sai bayan taro."

"Haba Abba! Don dai yana aiki da wanda ba ka so? Me ya haɗa aurena da zaɓen firamare?"

Abba ya dube ta. "Yaushe rabon da ya zo ya karanta wa Yaya jarida?"

"Bizi yake, Abba. Wallahi bizi yake, ko ni sai mesej."

"To. Sai bayan taro."

Ta shige ɗaki ta kifa kai a filo ta yi kuka mai isarta. A ranta ta gama yanke hukunci cewa siyasa ta rufe wa Abba ido, yana neman ya yanka soyayyarta ya ba jam'iyya.

Cikin makon 'yan takara suka fara zuwa ɗaya bayan ɗaya. Wani abu da ya ɗaure wa Auta kai, Abba ba ya fita tarbar kowa. Yana cikin falo a zaune, baƙo ya shigo ta baranda ya same shi. Umma har ta yi masa tsiya, wai girman kai ya kama shi da tsufa, ya yi murmushi kawai.

Ranar Alhamis da hantsi ayarin Mai Kamfani ya iso. Auta ta sha kwalliya tun safe, ta ɗauko kofunan da ba a fito da su sai da babban baƙo. Tana tsaye a bakin kicin da tire lokacin da suka hawo baranda. Lauya ne a gaba, cikin kwat mai sheƙi, da takarda a hannu, yana magana da sauri. Kai, ya yi kyau! Zuciyarta har rawa take.

Baffa ya ɗaga kai. Muryar nan ko cikin kasuwa zai gane ta. Fuskarsa ta washe, ya miƙa hannun dama.

"Idona! Kai ne?"

Mai Kamfani ya rage tafiya, har ya ɗan karkato. "Wannan dattijon fa?"

Lauya ya duba takardarsa, ya sassauta murya, amma Auta ta ji kowace kalma.

"Ba deliget ba ne, Oga. Ba shi da ƙuri'a. Mu shiga, lokaci na tafiya."

Suka shige, na baya suka bi su, mutum goma sha, kowa na kauce wa hannun kamar reshen bishiya. Hannun Baffa yana nan a miƙe. Ya jira, ya ƙara jira, murmushin yana zubewa kaɗan-kaɗan. Can sai ya sauke shi kan rediyo, ya shiga murɗa ta kamar dama abin da ya yi niyya ke nan.

Auta ba ta san lokacin da ta isa gabansa ba. Ta ɗora kofi cikin tafinsa, ta riƙe hannun da nata biyu.  Shayin baƙi kuwa Umma ce ta kai, don Auta ta ce kanta na ciwo.

Da motoci suka tafi, Abba ya fito ya zauna a baranda. "To, Yaya, ba ni labari."

A nan ne Auta ta gane dalilin zaman falon. Ashe shiri ne tsakanin Abba da Baffa. Abba ya ce duk abin da ɗan takara zai faɗa a falo ya riga ya hardace shi, amma wanda zai riƙe ƙasa, yawancin mutanen da zai mulka ba su da abin da za su ba shi. Don haka awonsa a baranda yake. Tsohon Gwamna ya ba Baffa kan yatsu yana waya. Farfesa ya durƙusa har ƙasa, ya kuma yi masa lacca ta minti ashirin kan haƙƙin makafi.

"Na yau fa?" in ji Abba.

"Mai Kamfani ya wuce kamar iska," in ji Baffa.

"Yaron fa?"

Baffa ya gyara rediyonsa. "Idona? Ai ya tsaya. Ya kama hannuna da hannu biyu, har ya ce in yafe masa rashin zuwa."

Abba ya sauke ajiyar zuciya. "Alhamdulillahi. Ashe na zalunci yaron nan. Auta, gaya masa ya turo iyayensa ran Asabar, ba sai an jira taro ba."

Umma ta rangaɗa guɗa daga kicin. Ga abin da Auta ta yi wata da watanni tana kuka a kansa, an miƙo mata. Shiru kawai za ta yi. Ta kalli Baffa, ta ga hannun nasa a dunƙule kan cinya, sai hawaye suka ɓalle mata.

"Abba, ba haka aka yi ba."

"Auta!" Baffa ya katse ta. "Ni makaho ne, ke kuma yau ki zama kurma. Kin ji ko?"

"Ba zan iya ba, Baffa." Ta durƙusa a gabansa. "Ina tsaye. Ka kira shi, ka miƙa masa hannu, ya ce ba ka da ƙuri'a. Ogan nasa ma har ya so ya tsaya, shi ya hana shi!"

Guɗar Umma ta tsaya cak. Abba ya sunkuyar da kai. Baffa ya lalubo kan Auta ya dafa, hawaye na bin kuncinsa.

"'Yar nan, me ya kai ki? Ni ba gida gare ni ba, ba gona ba. Na ce bari in ba ki ɗan abin da nake da shi."

Washegari da la'asar Lauya ya zo, ta same shi a bakin get. Da ta gaya masa, sai ya yi 'yar dariya.

"Haba, a kan gaisuwa ɗaya? Minti sha biyar aka ba mu a gidanku, gida tara ke jiranmu. Siyasa ce fa! Pilis, ki fahimce ni. Bari Oga ya ci, da kaina zan fita da Baffa waje a duba idonsa."

"Ba ido ya roƙe ka ba. Hannu ya miƙo maka."

"Na sani, Abbanki ne ya zuga ki."

"Abba ya yarda. Baffa ƙarya ya yi don ya rufa maka asiri, aka ce ka turo ran Asabar. Ni ce ban yarda ba." Ta zare zoben da ƙyar, don ya kama yatsa, ta sa masa a aljihun kwat. "Ina sonka, Allah ya sani, kuma ban san yadda zan daina ba. Amma ni ma wata rana zan tsufa, ba ni da ƙuri'a."

Wayarsa na ta ƙara. Daga ƙarshe ya amsa wayar, ita kuma ta juya cikin gida.

Aka yi babban taro. Abba ya jefa wa Farfesa, ya ce gara gyangyaɗi da wulaƙanci. Amma Mai Kamfani ne ya ci tikiti, Lauya ya samu ofis mai sanyi da direba. Nan fa bakin duniya ya buɗe. Ƙawaye suka ce ta yi wa arziki ƙulli, gwaggonta ta ce ko aljanu ne suka shafe ta. Auta ta rame, ta daina kwalliya. In ta ga hotonsa a bayan Oga cikin jarida sai ta ninke shafin, sannan ta ci gaba da karanta wa Baffa, don yanzu ita ce ke karatun. Baffa bai ƙara ambatar Idona ba, amma duk lokacin da get ya yi ƙara sai ya ɗaga kai.

Wata biyar bayan taron Baffa ya faɗi a banɗaki. Likita ya ce shanyewar ɓarin jiki ce. Ya dawo kujerarsa bayan mako uku, harshe ya yi nauyi, hannun dama kuwa yana kwance kan cinya, ba ya motsi.

Wata safiya Auta na shara sai ta ji an turo get. Lauya ne, a ƙafa, ba kwat, da jarida a hammata. Idanunsa sun yi ja.

"Ba wajenki na zo ba," ya ce. "Shekaranjiya mahaifiyata ta zo ofis ba ta sanar da ni ba. Mai gadi ya duba lis ɗin waɗanda za a bari su shiga bai ga sunanta ba, ya bar ta a rana awa uku. Na fito ina zage-zage, ya nuna min takardar. Auta, rubutuna ne. Na ajiye aikin jiya."

 Ta matsa gefe da tsintsiyarta.

Ya hau baranda ya zube gaban kujerar. "Baffa, ni ne."

Baffa ya ɗaga kai. Kafaɗarsa ta motsa, ya yi ƙoƙari, ya sake ƙoƙari har jijiyar wuyansa ta tashi, amma hannun ya ƙi ɗaguwa. Lauya ya ga haka sai ya fashe da kuka kamar ƙaramin yaro. Ya ɗago hannun da kansa, da hannu biyu, ya ɗora a goshinsa.

"I... do... na," in ji Baffa. "Ka... makara. Karanta."

Ya buɗe jarida ya fara, yana yi yana share hanci. Washegari ya dawo, jibi ma haka. Ya koyi yi wa Baffa aski, ya koyi ɗaga shi zuwa banɗaki. Auta tana wucewa ta gabansa kamar ba ta san shi ba, ta ajiye kofi ɗaya ta tafi, in ta shiga ɗaki ta yi kukanta. Sai da aka yi wata shida cur, ran nan Umma ta ga ta ɗora kofi biyu a tire. Umma ta je ta raɗa wa Abba.

An ɗaura auren, Baffa yana zaune a sahun gaba. Bai kai ƙarshen shekarar ba ya rasu. Har yau in Lauya ya zo gidan sai ya tsaya a gaban kujerar nan ya daɗe, don Baffa ya yafe masa, amma musafahar da ya ƙi karɓa ranar Alhamis ɗin nan bai sake samunta ba.

Don haka 'yan'uwa, ko miji za ku zaɓa ko shugaba, kada ku tsaya kan abin da ya faɗa a falo. Ku duba yadda ya yi da wanda ke zaune a baranda, wanda ba shi da abin ba shi. Kuma in an miƙo muku hannu ku karɓa tun yana iya ɗaguwa.