Goyon Dutsen Adar

Sandar ta suɓuce daga hannun Latifa, ta bi gangare tana ƙwal-ƙwal har ƙararta ta ɓace.

"Wayyo Allahna! Yaya Badaru, sandata!"

Ta rungume dutse da hannu biyu. Ƙafarta ta hagu, wadda shan-inna ya shanye tun tana ƙarama, sai rawa take yi. Hanyar ba ta fi faɗin tabarma ba, gefe guda kuma rami ne da ba a ganin ƙarshensa.

"Kada ki dubi ƙasa! Latifa, ni za ki duba!" in ji Badaru.

Yawon Sallah ne ya kawo su. Matasan unguwarsu a Illela suka haɗa mota, suka tsallaka Ƙonni zuwa duwatsun Adar, suka ɗauki wani makiyayi mai suna Hammadu ya yi musu jagora. Kubra, 'yar kawun Badaru, wadda mahaifiyarsa Hajiya ta fi so ya aura, ita ta je har gida ta lallaɓi Latifa. Wai hanya a shimfiɗe take, ko tsohuwa sai ta hau.

A gindin dutse Hammadu ya tambayi maza ko akwai mai lalura, don akwai hanyar jakai ta baya, sai dai nisa. Latifa na cikin mota lokacin. Badaru ya yi gum. Ina zai buɗe baki gaban mutane ya ambaci ƙafar yarinyar da yake nema? Hammadu ya ja maza gaba, mata suka biyo baya.

Latifa ta hau dutsen da jan jiki da cije leɓe, don kada Kubra ta kai labari gida cewa ta kasa. Saukowar ce ta gagara.

Hammadu ya dawo da gudu, ya dubi ƙafar, ya dubi Badaru.

"Kai mutumen ga! Mi ya hana ka hwaɗa mani?"

"Kunya na ji..."

"To ga kunya nan, sauko da ita mu gani!" Ya nuna gabas. Hadari ya haɗo baƙi ƙirin. "Ruwan ga in ya taɓa dutsin ga, ko akuya ba ta tsayawa. Sai an goya ta. Ina muharraminta?"

Babu. Sauran 'yan matan kowa ta kanta take yi.

"Ni bayana ciwo yake," in ji Kubra. "Kai kuma Yaya kada ka soma! Ba a ɗaura ba. Hajiya ta ji ka goyi 'yar mutane gaban jama'a, ka san sauran."

Iska ta taso ta fizgi hijabin Latifa, ta ƙwalla ƙara.

"Ka tafi, Yaya Badaru... Ka bar ni. Dama Hajiya ta ce ni kaya ce."

"Rufe mani baki, masoyiyata."

Ya warware rawaninsa, ya tuɓe takalmi, ya durƙusa ya ba ta baya.

"Hau."

"Mutane za su ce..."

"Su ce! Nawa shirun ne ya kawo ki nan. Hau!"

Ta hau tana kuka. Ya ɗaure ta da rawanin tamau, Hammadu ya zarga masa igiyar shanu a ƙugu ya riƙe daga sama. Suka fara sauka da baya-baya, fuska ga dutse.

Yayyafi ya fara.

Tsakuwa ta zame ƙarƙashin ƙafarsa, suka yi lilo bakin ramin. Latifa ta ji igiya ta yi ƙara, ta kama kalmar shahada da ƙarfi.

"Na riƙe!" Hammadu ya yi ihu. "Taka dama!"

"Mutuwa za mu yi, Yaya..."

"In dai ba ki shaƙe ni ba, ba mu mutuwa. Sassauta mani wuya, zuciyata."

Gwiwarsa na jini, haka ya dire ta gindin dutse. Ruwa ya ɓarke kamar da bakin ƙwarya.

Kafin mota ta shigo Illela labari ya riga su, Kubra ta buga waya. Hajiya na tsaye a zaure fuska a murtuke. Mata biyu suka riƙo Latifa, suka sauko da ita daga mota a ƙofar gidan.

"Gaskiya ne ka goya ta?"

"Gaskiya ne, Hajiya."

"Gaban kowa?"

"Gaban kowa. Gobe ma in ta kama, in sake."

Hajiya ta daɗe tana kallon gwiwar ɗanta, sannan ta juya ga Kubra.

"Ke da kika san ƙahwarta, ke kika ce ta zo?"

Kubra ta sunkuyar da kai.

"Ɗana ba ya goya 'yar mutane ya aje ta a bakin duniya," in ji Hajiya. "Ku kira kawunnansa, a tahi a sa rana." Ta miƙa wa Latifa hannu. "Ke kuma shigo ki sake tufa, ɗiyata, kin jiƙe."