Farantin Hansatu

Ruwan maɓuɓɓugar da ke dandalin shaƙatawa ya riga ya yi ja kafin masu ɗaukar hoto su farga. Shekarar ce gwamnati ta taso daga Legas, kowa na zuwa Abuja kallo, wurin ya cika maƙil. Hafizu, wani baƙo daga Katsina, yana kife a bakin ruwan, an soke shi a wuya.

Da Sufeto Yamusa ya iso daga Garki, taro ya rufe wata mai gyaɗa da duka, an fasa mata baki, wani har ya ɗauko taya. Sai da ya harba bindiga sama suka ja baya. Ransa ya ɓaci ƙwarai, don ya ga saura kaɗan su ƙone ta.

Ya fara da Leonard mai hoto, wanda aka ga yana cacar baki da mamacin.

"Oga, faɗa kam mun yi, amma ina can ina ɗaukan amare."

Amaren suka shaida. Ya sallame shi.

Ya dubi taron. "Wa ya ce matar nan ce?"

"Ni ne," in ji Badamasi, abokin tafiyar Hafizu. "Da idona na ga Bagwariyar nan ta sauke faranti daga kanta, ta zaro wuƙa."

"Daga kanta?"

"Wallahi daga kanta."

Yamusa ya juya wajen matar. "Mama, sunanki?"

"Hansatu."

"Ɗauki kayanki mu gani."

Ta ɗaga farantin, ta aza a kafaɗa.

"Ni ma Gbagyi ne, Bagwari ke nan," in ji Yamusa. "Uwata har ta mutu ba ta ɗora kaya a ka ba, haka matanmu suke. Kai ba ka ga komai ba, tallar garinku ka tuna. Waiwayawa ka yi ka nuna wadda ba ta da mai tsaya mata. Warware hannun rigarka da ka naɗe."

Badamasi ya zabura zai gudu, ɗan sanda ya maka shi da ƙasa. Hannun rigar jiƙe yake, ya wanke amma jini bai gama fita ba. Nan ya fashe da kuka, wai Zahra da yake so ce aka ba Hafizu.

Masu duka suka sulale ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya ce mata sannu. Hansatu ta tofar da haƙori, ta durƙusa tana tsince gyaɗarta.