Tsohuwar Sikanar Sito

Ranar Litinin aka kai ƙara: mota guda ta maganin yara ta bar kamfanin rarraba magunguna, ba ta isa asibiti ba. Direban haya ya nuna imel ɗin da ya sa shi sauke kaya a wani shago, ga adireshin sakatariyar kamfanin a kai. Kafin rana ta yi tsaka an kulle baiwar Allah, tana rantsuwa ba mai saurare.

Sufeto ba ya son aikin gaggawa. Ya nemi injiniyar da ta haɗa wa kamfanin uwar garken wasiƙu.

"Ƙofa biyu gare ta, Yallaɓai," in ji ta. "Ɗaya tana karɓar wasiƙun waje ta miƙa ciki. Ɗayar ta fita ce, sai da kalmar sirri."

"Da kalmar wa wannan ta fita?"

Ta duba rajista. "Ba ta kowa."

"To, aljani ne ya aika?"

"Akwai tsohuwar sikana a sito, mai ɗaukar hoton takardu ta tura ta imel, ba ta san kalmar sirri ba. Manaja ya ƙi canza ta, sai na bar layinta a buɗe. Duk wanda ya soka wayarta a kwamfutarsa zai aika da sunan wanda ya ga dama. Amma kwamfuta kan faɗi sunanta kafin ta miƙa wasiƙa."

Ta nuna masa sunan. Sufeto ya karanta, ya nufi sito.

"Ni da kwamfuta?" in ji mai sito, yana dariya. "Ko wayata yara ke saita min."

Sufeto ya leƙa bayan sikanar. Ƙura ko'ina, wayar kaɗai ce tas. Ya juya kamar zai tafi, sai daga bakin ƙofa ya ce, "Baban 'Yan Biyu."

"Na'am?" in ji mai sito.

Haka matarsa ke kiransa a gida, haka kuma gogan ya raɗa wa kwamfutarsa. Gumi ya karyo masa. Ya amsa laifinsa, ya faɗi inda kayan suke, aka tasa ƙeyarsa zuwa mota. Injiniya kuwa ba ta tashi ba sai da ta toshe layin.

Sufeto da kansa ya buɗe wa sakatariya, ya ba ta haƙuri.

"Maganin fa, Yallaɓai?" ta tambaya.

"Yana hanyar asibiti."

Sai a lokacin ta fashe da kuka.