Koren Zare a Bakin Takarda

Da Dikko ya san abin da biron nan zai jawo wa hannunsa, da ya naɗe hannun ya hau mota ya koma gida. Amma bawa ba ya ganin gobe.

Bayan kakar 1989 ne aka buga wasan ƙarshe na kofin ƙauyuka a filin Tudun Wada. 'Yan gari suka ci 'yan Ɗansoshiya uku da nema. Dikko ne golan Ɗansoshiya, dogon Bafulatani mai kiwo da noma, wanda ba ya taɓa ƙwallo sai ya dawo da shanu.

A lokacin samarin Tudun Wada sun kamu da son tara sa hannun 'yan wasa. Kowa da littafinsa na farar takarda, kuma duk wurin Malam Uba tela ake kai takardun, ya ɗinke tsakiyarsu da keke ya sa musu bangon yadi. Abin yana da dokoki, kuma sun riƙe su kamar farilla. Ba a tare ɗan wasa sai ya sha ruwa. Shafi ɗaya na mutum ɗaya ne, can ƙasa yake sa hannu, a bar saman fari don a liƙa hotonsa in an samu. Babbar dokar ita ce ba a kusantar wanda aka ci a ranar da aka ci shi. Wai rufa masa asiri ake yi. A zahiri dai barinsa ake yi shi kaɗai kamar mai ƙyanda.

Haka aka bar Dikko zaune a gindin raga, kansa a tsakanin gwiwoyi. Sai ya ga inuwa a gabansa.

Luba ce, 'yar Malam Uba, malama a firamare. Ta baro 'yan'uwanta malamai mata a gindin darbejiya, ta ratso fili da littafinta.

"Sannu da aiki, gola."

Ya ɗago. "Ba'a kika zo yi?"

"Sa hannu na zo nema."

"Uku aka zura mini, malama. Ga masu ci can."

"Na ƙirga. Uku suka shiga, goma sha ɗaya ka tare. Waɗancan ne ba su iya lissafi ba."

Dariya ta ƙwace masa. Ya goge hannu a riga, ya karɓi biron, ya rubuta sunansa a ƙasan shafi. Ta ce na gode. Ya ce shi ne da godiya. Ta juya da littafinta.

Ba ta kai bakin fili ba masu littafi suka tare ta. Shugabansu Jibrin mai shagon kaset, wanda ya daɗe yana aika mata gaisuwa ba ta amsawa, shi ya yi magana.

"Kin karya doka, Luba. Littafi zai kwana bakwai a hannun jama'a."

Yayanta Audu ne ya fizge shi daga hannunta. "Kin zubar mana da mutunci. Maza ɗari suna kallo!"

Littafin ya zaga hannun mutum bakwai, kowa kwana ɗaya, har da Jibrin da Audu. Ranar da ya dawo, shafin Dikko babu. An yage shi tun daga ɗinki. Ta tambaye su ɗaya bayan ɗaya, kowa ya ce haka ya same shi. Ta yi kukanta a ɗaki, ta rufe maganar.

Sati biyu bayan haka, ranar kasuwa, wata mai nono ta yi sallama a gidansu. Goggo Kulu ce, ƙanwar mahaifin Dikko. Ta ɗaga faifan ƙwaryarta, ga takarda a naɗe.

"Zuwa ga Malamata. Bayan gaisuwa mai yawa. Tun ranar nan ban ƙara ƙirga shanu daidai ba, in na kai goma sha ɗaya sai in tsaya. Babana ya ce ko aljani ne. Na ce masa malama ce. Ki yi haƙuri da rubutuna, a aji shida na tsaya. Naki, golan da aka ci."

Luba ta karanta sau uku kafin ta ba da amsa.

"Golana. Rubutunka ya ci bakwai bisa goma, sauran ukun kuwa ka san inda suka shiga. Ka gaishe da shanun. In da gaske kake, Baba yana shago kullum bayan la'asar. Taka, 'yar tela."

Ba ta gaya masa an yage shafinsa ba. Kunya ta hana ta.

Malam Uba mutum ne mai tsoron bakin jama'a. Matarsa ta rasu ta bar masa yara biyu, kuma kullum gani yake ana jiran ya kasa tarbiyyarsu. Da magabatan Dikko suka zo, ƙafar keken kawai yake takawa ba zare.

"Ƙwallo sana'a ce?" ya tambaye su. "Kuma me za a ce a gari? A fili ta samo miji?"

Sau uku suna zuwa. A ƙarshe ya hau mota da kansa har Ɗansoshiya, ya ga gonar dawa, ya ga garke, ya ga yadda Dikko yake durƙusawa ya gaida tsofaffi. Ya dawo ya amince. Mutanen Jibrin ma sun zo, aka ba su haƙuri. Aka sa rana bayan girbi.

Saura kwana goma sha biyu wani direba ya ajiye ambulan a shagon, ya ce a tasha aka ba shi. Da tafireta aka buga wasiƙar. Malam Uba ajami ya iya, boko sai da ƙyar, don haka ya miƙa wa Audu. Akwai mutum biyar a kan benci suna jiran ɗinki. Audu ya karanta da ƙarfi.

"Zuwa ga Malam Uba tela. Na fasa. Yarinyar da ta ratsa maza ta zo gaban namijin da ba ta sani ba, gobe wani golan za ta je wa. Na yi wasa da ita na gaji. Ka auna mata wani mijin. Ni ne."

A can ƙasa, da biro, ga sunan Dikko da hannunsa.

Ɗaya daga cikin masu jiran ya yi tari. Wani ya ce ya tuna yana da aiki a gida. Kafin magariba maganar ta gama gari.

Malam Uba ya shiga gida a fusace. Luba na jin an ce sa hannun a ƙasan takarda yake, ta dafe ƙirji.

"Baba, ka tsaya ka ji. Akwai shafin da aka..."

"Rufe mini baki! Shafi, shafi! Shafin ne ya kai mu nan!"

Ya shiga ɗakinta ya ɗauko littafin da shi ya ɗinka mata, ya cusa shi a murhu. Ta sa hannu za ta ciro, Audu ya riƙe ta. Tana kallo bangon ya naɗe ya yi baƙi.

Washegari Dikko ya iso a kan keke, gumi har ƙafa, don Goggo Kulu ta kai masa labari. Ya durƙusa a zaure. Malam Uba ya nuna masa ƙasan takardar.

"Wannan hannunka ne?"

Dikko ya duba. Bai iya ƙarya ba. "Hannuna ne, Baba, amma ni ban..."

"Ya isa. Tashi ka fita."

"Baba, don Allah ka bar ni in ga abin da aka rubuta."

Audu ya tura shi waje. Dikko ya kama bakin ƙofar da hannun dama yana roƙo. Ƙofar ƙarfe ce. Audu ya ga hannun sarai, ya buga ta da dukan ƙarfinsa.

Yatsu uku suka karye. Samarin da ke waje, waɗanda a da suke bin sa da biro, suka yi dariya. Wani ya ce, "Gola, wannan ma ka tare!" Da hannu ɗaya ya ja kekensa zuwa tasha. Wani mai ɗori a ƙauyen Ba'awa ya ɗaure yatsun, amma tun ranar ya ce ba za su miƙe ba.

Luba ta daina zuwa makaranta, don har yara sun haddace wasiƙar. Ta rame. Jibrin ya sake aiko da mutanensa, wai shi zai rufa asiri. Da mahaifinta ya gaya mata, ba ta ɗago kai ba.

"Ni dai ban taɓa yi maka ƙarya ba, Baba."

Sati uku suka wuce. Wata safiya allura ta karye masa, ya ja akwatin keken yana neman wata, sai hannunsa ya faɗa kan wasiƙar. Ya ɗaga ta zai yaga. Hasken ƙofa ya bi ta gefen takardar.

Gefen hagu ba yanka ba ne. Ƙananan huji ne a jere, rabi-rabi, irin na allura. Ya ƙirga da farce. Bakwai, sai tsallake. Bakwai, sai tsallake. Shekara tara kekensa yana wannan tsallaken, har masu gyara sun gaji da shi. A cikin huji ɗaya kuwa ga ɗan guntun zare, bai kai ƙwayar shinkafa ba. Kore ne.

Duk littattafan samarin da baƙin zare ya ɗinka. Guda ɗaya ne ya yi wa kore, na Luba, da ragowar zaren rigar sallarta.

Ya zauna. Ya ga yadda aka yi: sa hannu a ƙasa, sama fari, tafireta. Ya tuna maganar da ya katse mata. Ya tuna murhu, ya tuna ƙarar ƙofa.

Bai rufe shago ba ya tafi gida. Ya tsuguna a ƙofar ɗakinta, abin da bai taɓa yi ba.

"Luba, shafin da kika ce. Yaushe aka yage shi?"

"Tun bara, Baba."

"Bara," ya maimaita. "Shekara guda wani yana ajiye da shi."

Ya cire hula ya rufe fuska da ita.

A ranar ya isa Ɗansoshiya. Goggo Kulu ce ta fara ganinsa, tana wanke ƙwarya.

"A'a, tela! Ɗayan hannun ka zo aunawa?"

Malam Uba ya wuce ta. Ya sami Dikko a inuwar rumbu, hannu a naɗe da tsumma, ya durƙusa a gabansa ya nuna masa zaren.

"Subhanallahi, Baba, tashi. Wallahi tashi."

"Ban tashi sai ka yafe. Yatsun fa?"

"Sanda dai zan riƙe. Ƙwallo ta wuce." Dikko ya dube shi. "Ita ta yarda ni na rubuta?"

"Ko na minti ɗaya. Ni ne na yarda."

"To na yafe, Baba."

Malam Uba ya tara mutum bakwai ɗin a gaban liman. Kowa ya ce ba shi ba ne. Jibrin ya ce shi ma tausayinta yake ji. Audu ya ce ƙofar kuskure ce, idonsa a ƙasa. Masu buga wasiƙa uku ne a garin, kowa ya ce takardu da yawa suke wucewa ta hannunsa. Littafin da za a duba kuwa ya zama toka. Daga ranar Malam Uba bai ƙara ɗinka wa kowa littafi ba, sai guda ɗaya.

An ɗaura aure ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Liman ya yi addu'a, Allah ya ba da zaman lafiya da zuri'a ta gari, ya tsare su daga sharrin mai ɓoye. Malam Uba ya fi kowa ɗaga murya wajen amin.

Da safe a Ɗansoshiya, Luba ta buɗe akwatinta ta fito da sabon littafi mai koren zare. Ta miƙa wa mijinta biro.

"Sa hannu na zo nema."

"Da wannan hannun, Malamata? Ko uku bisa goma ba zai ci ba."

"Ni ke ba da maki, Golana."

Ya riƙe biron tsakanin babban yatsa da ƙaramin, ya kai shi ƙasan shafi. Sai ya fasa. Ya koma can sama ya rubuta sunansa, ya sake rubutawa a ƙasansa, ya sake, layi bayan layi a karkace, har shafin ya cika.

"Yanzu ba wurin da wani zai sa baki," ya ce.

Ta kama yatsun nan uku ta riƙe a tafinta, tana dariya tana hawaye.

Allah ya albarkace su da 'ya'ya huɗu. Dikko bai ƙara tsayawa a raga ba. Jibrin ya koma Kano da shagonsa. Audu yana nan a gida, shi ya gaji keken ɗinkin, kuma kullum tare suke cin tuwo da mahaifinsa a kwano ɗaya. Wani lokaci tsohon yakan tsaya da loma a hannu yana kallonsa, sannan ya ci gaba da ci. Har yau ba a san wanda ya yage shafin ba, ba a kuma san wanda ya buga wasiƙar ba.